Daga Fensir Zuwa Kwamfuta: Tarihin Ƙofar Shiga Karatun Likitanci

Likitan da ya duba mahaifiyarka kwanan baya sai da ya bi ta wata ƙunƙuntar ƙofa kafin ya sa farar riga, kuma ƙofar nan ta sha sauya fasali. Idan a gidanka akwai yaro ko yarinya mai burin likitanci, sanin tarihinta zai amfane ka.

Kafin 1978, kowace jami'a a Nijeriya ita ke tantance ɗalibanta da kanta. Ɗalibi ɗaya kan sami gurbi a jami'o'i biyu ko uku, ya ɗauki ɗaya, sauran su tashi a banza alhali wasu na zaune a gida. Don magance haka aka kafa hukumar JAMB a 1978. Mai neman likitanci yana amsa Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, jimillar maki 400.

Da tafiya ta yi nisa, jami'o'i suka koka cewa satar amsa ta ɓata awon, domin ana kawo musu masu maki da yawa da ba sa iya kataɓus a aji. A 2005 gwamnatin tarayya ta ba su izinin yin nasu gwajin bayan na JAMB. Ni ma ta wannan zamani na bi kafin in karanci haɗa magunguna, kuma ban manta yadda mahaifina ya sha fama wajen haɗa kuɗin mota da na masauki don jarrabawar yini guda ba. An tsaurara tantancewa, amma aljihun iyaye ne ya ɗauki nauyinta.

A 2013 aka fara rubuta jarrabawar da kwamfuta, a 2015 kuma aka ajiye fensir da takarda gaba ɗaya. Sakamako ya riƙa fitowa da wuri, wasu hanyoyin maguɗi suka toshe. Sai dai yaron ƙauye da ya san karatunsa sarai, amma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ya tarar da sabon cikas wanda ba ya cikin littafin kemistiri. A 2016 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya soke gwajin jami'o'i, a 2017 aka dawo da shi, ɗalibai suka kasa sanin shirin da za su yi.

Abin da bai sauya ba shi ne ƙarancin gurabe. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta horar, gwargwadon malamanta da asibitinta. Shi ya sa mai maki mai kyau kan rasa gurbi ba tare da ya gaza ba.

Don haka, nema wa ɗanka wurin gwada hannu a kwamfuta watanni kafin jarrabawa, ka tanadi kuɗin gwaji na biyu tun da wuri, ka kuma bi sanarwar hukumar kowace shekara. Idan bai samu ba, kada ka karya masa gwiwa. Jarrabawar tana auna saninsa na ranar ne kawai. Haƙurin sauraren majiyyaci da tausaya masa kuwa, a gidanka zai fara koyonsu.