Babbar Ruga da Danja, Mafakar Waɗanda Aka Guje Wa

Matafiyin da ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Maraɗi, ya bi ta Jibiya, ya bar ƙauyuka irin su Riko a gefe, ya ƙetare iyaka zuwa Ɗan Isa, to ya bi hanyar da ta haɗa wurare biyu masu tarihi ɗaya, wato Babbar Ruga a bayan Katsina da Danja a kudancin Maraɗi, waɗanda dukansu aka san su da zangon kutare.

A ƙasar Hausa ta dā ba a kori kuturu daga gari ba, domin yana da sarkinsa, watau Sarkin Kutare, yana da rabonsa na sadaka a ƙofar masallaci ran Juma'a. Sai dai sadaka daban, ƙauna daban, don kuwa mai miƙa masa anini yakan sakar masa a ƙoƙo ba tare da hannu ya taɓa hannu ba, ba a son cin tuwo akushi ɗaya da shi, in ya nemi aure a gidan masu lafiya a yi ta kewaye-kewaye. Da Bahaushe ya ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, ai ya faɗa mana abin da marar kuɗin ke samu.

Turawan mishan na SIM, ƙungiyar da Rowland Bingham da abokansa biyu suka soma a 1893, sun daɗe suna neman shiga ƙasashen sarakunan Musulunci, amma gwamnatin Ingila ta hana su saboda alkawarin da ta yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Kuturta ce ta buɗe musu ƙofa. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa musu kula da zangon kutare na En'e a Babbar Ruga, kamar yadda aka ba su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. A ɓangaren Faransa kuwa sun riga sun zauna a Damagaram tun 1924, sannan suka buɗe Danja a 1956.

Wa'azin da suka zo da shi bai da wuyar fahimta: Allah yana ƙaunar bawansa ko da duk duniya ta juya masa baya, hujjarsu kuwa ƙissar da ke cikin Linjila ta Markus, inda Yesu Almasihu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu kafin ya warkar da shi. Musulmin da ya ji wannan bai ji baƙon labari ba, tun da Alƙur'ani ma ya ambaci yadda Annabi Isa ya warkar da mai albaras da izinin Allah. A ganina abin da ya ratsa zukatan majinyata shi ne hannun da ke wanke gyambo kowace safiya, domin allurar man chaulmoogra da ake yi a lokacin zafinta ya fi amfaninta, sai da ƙwayar dapsone ta zo wajen 1950 aka fara ganin waraka ta haƙiƙa.

Malamai sun yi zargin cewa ana sayen imani da magani, kuma zargin bai rasa madafa ba, musamman game da 'ya'yan majinyata da aka raba da iyayensu aka rena a hannun mishan. Wasu sun karɓi Kiristanci, suka zama malaman asibiti da masu bishara. Da yawa kuma sun sha maganinsu sun koma gida da tasbaharsu.

Da maganin haɗaka ya zo a shekarun 1980 kutare suka ragu, sai wata jama'a ta gaji gadajensu, wato matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, waɗanda sau da yawa miji kan saki, kishiya ta toshe hanci, a ware musu ɗaki a ƙarshen gida. Likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, aikin kuturta ya kawo shi Babbar Ruga, amma a 1984 ya soma yi wa waɗannan mata tiyata, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki a hannun gwamnati. Danja ma ta buɗe nata sashen a 2012.