Filazma

filazma (suna, mace). Halin da iska ko tururin ƙarfe kan shiga idan zafi ya kai ga fizge elektiron daga ƙwayoyin zarra. Ita ce hasken nan mai kashe ido a bakin sandar mai walda a Kaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi. Walƙiyar damina ma ita ce. Hasken leza mai ƙarfi, idan aka harba shi cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba, yakan zaizaye fuskar ƙarfe, abin da ya tashi ya zama filazma, kafin zafin ya bazu gefe. Dabarar ƙarfafa irin wannan harbi ce ta samo wa Donna Strickland da Gérard Mourou kyautar Nobel a 2018. Malam mai walda, don Allah kada ka dubi filazma ba tabaran kariya.