1 ga Oktoba a Tarihin Nijeriya

Ranar 1 ga watan Oktoba ita ce ranar 'yancin kan Nijeriya, kuma ranar hutu ce a duk faɗin ƙasar. Sai dai tarihinta bai fara daga 1960 ba, bai kuma tsaya a nan ba. Daga 1954 zuwa ƙarshen shekarun 1990, a wannan rana aka saba ƙaddamar da sabon tsarin mulki, ko a miƙa mulki, ko a yi wa jama'a alkawarin miƙa shi.

A ranar 1 ga Oktoba 1954 tsarin mulkin Lyttelton ya fara aiki. Shi ne ya mayar da Nijeriya tarayya, kowace jiha da Firimiyanta: Sardauna Ahmadu Bello a Arewa, Obafemi Awolowo a Yamma, Nnamdi Azikiwe a Gabas. An kuma cire Legas daga Jihar Yamma ta zama ta gwamnatin tarayya. Ranar 'yancin kai kuwa sai da aka sha ja-in-ja a kanta. Shugabannin Nijeriya sun nemi 2 ga Afrilu 1960, amma a taron Landan na 1958 gwamnatin Ingila ta tsayar da 1 ga Oktoba.

Da tsakar daren 30 ga Satumba 1960, a filin sukuwa na Legas wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga mai launin kore, fari, kore. Wani ɗalibi da ke karatu a Landan, Michael Taiwo Akinkunmi, shi ya zana ta. Da gari ya waye ranar Asabar, Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta danƙa wa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun 'yanci. Duk da haka igiyar ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Sarauniya ta ci gaba da zama shugabar ƙasa, kuma Bature ne Gwamna-Janar, Sir James Robertson, har zuwa watan Nuwamba da Azikiwe ya gaje shi. Sai ranar 1 ga Oktoba 1963 ƙasar ta zama jamhuriya. Azikiwe ya zama shugaban ƙasa, ragamar gwamnati tana hannun Tafawa Ɓalewa, aka kuma daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Tsakanin samun 'yanci da zama jamhuriya, ranar 1 ga Oktoba 1961, Kudancin Kamaru da Ingila ke riƙe da shi ya haɗe da Jamhuriyar Kamaru, watanni huɗu bayan ɓangaren arewa ya shigo Nijeriya ya zama Lardin Sardauna.

Da soja suka karɓi mulki a 1966, ranar ta sami wani sabon aiki: jawabin shugaban ƙasa ta rediyo da sassafe, wanda jama'a ke kasa kunne su ji ko za a faɗi ranar komawa bariki. A jawabinsa na 1970, watanni kaɗan bayan yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya ce soja za su sauka a 1976. A jawabin 1974 ya janye maganar, ya ce lokacin ba zai yiwu ba, bai kuma sa wata ranar ba. Wannan jawabi ya zubar masa da ƙima ƙwarai, kuma ba a cika shekara ba aka hamɓarar da shi, a Yulin 1975, yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala. Janar Murtala Muhammed ya yi amfani da 1 ga Oktoba 1975 ya shimfiɗa jadawalin miƙa mulki nan da 1 ga Oktoba 1979. An kashe shi a Fabrairun 1976, amma Janar Olusegun Obasanjo ya riƙe jadawalin bai ƙara ko kwana ɗaya ba.

Saura ƙiris rantsuwar 1979 ta gamu da cikas. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne, lissafin da ba ya rabuwa daidai. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a ta goma sha uku kuwa, wato Kano, ya tsaya a wajen kashi 20 cikin ɗari. Awolowo, abokin takararsa, ya garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari ranar 26 ga Satumba, kwana biyar kacal kafin ranar. Aka rantsar da Shagari da mataimakinsa Alex Ekwueme a Legas, a jihohi kuma aka rantsar da gwamnoni, cikinsu har da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna. Shagari ya sake shan rantsuwa ranar 1 ga Oktoba 1983, bayan wata uku soja suka kifar da shi.

Daga nan alkawarin Oktoba ya zama abin da ba a cika saye da tsada ba. Janar Ibrahim Babangida ya sa 1 ga Oktoba 1990, ya ɗaga zuwa 1 ga Oktoba 1992, ya sake ɗagawa. Janar Sani Abacha, a jawabin 1995, ya sa 1 ga Oktoba 1998, ya rasu a watan Yunin shekarar. Abin da ya wanzu daga jawabansa shi ne na 1996, inda ya ƙirƙiro jihohi shida: Zamfara daga Sakkwato, Gombe daga Bauci, Nasarawa daga Filato, sai Bayelsa, Ebonyi da Ekiti. Da su adadin ya kai 36, kuma a waɗannan jihohi bikin 1 ga Oktoba biyu ne a haɗe.

Wani mummunan abu ya faru a ranar a 2010. Ana tsakiyar bikin cika shekara 50 a Dandalin Eagle da ke Abuja, wasu motoci biyu maƙare da bama-bamai suka tashi a kusa da wurin, mutum aƙalla 12 suka mutu. Ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta ta ɗauki alhaki, kuma a 2013 wata kotu a Afirka ta Kudu ta ɗaure Henry Okah shekara 24. Bayan harin an yi shekaru ana taƙaita bikin a cikin fadar shugaban ƙasa.

Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya gaji Abacha, bai jira Oktoba ba, ya miƙa wa Obasanjo mulki ranar 29 ga Mayu 1999. Tun daga lokacin, a 29 ga Mayu ake rantsar da shugaban ƙasa, 1 ga Oktoba kuwa ta rage ranar hutu da fareti da jawabi.