Modareta: Ma'anar Kalmar da Yadda Ake Amfani da Ita a Ikilisiya

Modareta kalmar aro ce daga Turanci, inda ake rubuta ta moderator. A taƙaice tana nufin mutumin da aka ɗora wa riƙon taro ko muhawara, domin a yi magana bi da bi har a kai ga shawara cikin tsari. Masu bi a ƙasar Daura, wato Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Baure, ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu aiki ko kasuwanci ko karatu ne ya kawo su daga ɗariku daban-daban. Idan aka haɗu a taron CAN, Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, za ka ji an gabatar da wani a matsayin modareta, wani ciyaman, wani bishop. Wanda bai san bambancin ba yakan ɗauka duk abu ɗaya ne, daga nan kuma saɓani yakan fara.

Asalin kalmar

Turawan Ingila ma aro suka yi daga Latin. Tushenta modus, wato ma'auni ko iyaka. Daga nan aka sami moderari, wato a tsare abu kada ya wuce iyakarsa, kamar yadda mahayi yake riƙe linzamin doki. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Daura ya san aikin linzami. Ƙarfin gudu na doki ne, linzami kuwa shi yake hana wannan ƙarfi afka wa jama'a.

Amfaninta a wajen ikilisiya

A gidajen rediyo da talabijin, modareta shi ne mai gudanar da muhawara, musamman tsakanin 'yan takara lokacin zaɓe. Shi yake yin tambaya, ya raba minti, ya tsayar da wanda ya zarce, amma ba ya faɗin wanda yake goyon baya.

A jami'o'i da kwalejoji, modareta malami ne da ake kawowa, sau da yawa daga wata makaranta, ya duba tambayoyin jarrabawa da makin da aka bayar, domin kada wani malami ya tsananta wa ɗalibai ko ya sassauta fiye da kima.

A kimiyyar nukiliya kuma ba mutum ba ne. Abu ne kamar ruwa da ake sa wa a cikin injin domin rage gudun ƙwayoyin da ake kira niyutiron. Ƙaramin injin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, ruwa ne modaretansa. A duk waɗannan wurare ma'anar ɗaya ce: mai daidaita ƙarfin da ba nasa ba.

Amfaninta a cikin ikilisiya

Ɗarikar Presbyterian ce ta fi shahara da wannan laƙabi. A Ikilisiyar Scotland, wadda babbar majalisarta ta fara zama a 1560, ana zaɓen modareta na shekara ɗaya, idan ta cika ya sauka wani ya hau. Ba dole ne ya zama fasto ba: a 2004 an zaɓi Alison Elliot, dattijuwar ikilisiya, mace ta farko a wannan kujera. A tsarinsu modareta ba ya jefa ƙuri'a sai idan ɓangarori biyu sun yi kunnen doki. Wannan ɗarika ta iso Kalaba a 1846 ta hannun Hope Waddell, kuma har yau kowane mataki na majalisunta a Najeriya, daga majalisar dattawan ikilisiya guda har zuwa ta ƙasa, yana da modaretansa.

A Baptist, wadda aikinta ya fara a Najeriya a 1850 da zuwan Thomas Jefferson Bowen, kowace ikilisiya ita take yanke shawarar kanta. Ikilisiyoyin yanki ɗaya sukan haɗu su zama ƙungiya, wato asosiyeshan, shugabanta ne ake kira modareta. Zaɓensa ake yi na wa'adi. Yana ba da shawara, yana sasanta rikici idan an kira shi, amma ba shi da ikon bishop na ɗauke fasto daga nan ya kai shi can.

ECWA ba ta amfani da kalmar a matsayin muƙami: shugabannin DCC ciyaman ake ce musu. Angilika da Katolika kuwa bishop suke da shi. A matakin duniya, kwamitin tsakiya na Majalisar Ikilisiyoyin Duniya yana da modareta. Agnes Abuom ta Kenya, wadda aka zaɓa a 2013, ita ce mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko da ta riƙe muƙamin.

Wace kalmar Hausa ta dace?

Babu kalma ɗaya tak da ta ɗauke ma'anar duka. A taron majalisa, shugaban taro ya fi dacewa. A muhawara ana cewa mai gudanarwa ko alƙalin muhawara. Idan sulhu ake yi, mai shiga tsakani ne. Kada a haɗa shi da mai gabatarwa, wanda yake kiran sunayen baƙi da jerin abubuwan da za a yi, domin wannan ba ya riƙe da shawara.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne a ɗauke shi kamar sarauta. A ƙasarmu sarki yakan zauna a karaga har ƙarshen ransa. Marigayi Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007, shekara 41. Wannan tsari yana da wurinsa da darajarsa, amma kujerar modareta aro ce. Jama'ar da suka ba shi su ne masu ita, ranar mayarwa kuma a rubuce take tun kafin ya hau.

Misali daga Littafi Mai Tsarki

Kalmar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, amma aikin yana ciki. A Ayyukan Manzanni sura 15, an yi gardama mai zafi a Urushalima a kan ko dole ne al'ummai masu ba da gaskiya su yi kaciya. Bitrus ya yi magana, Barnaba da Bulus suka ba da shaida, sai bayan sun gama Yakubu ya tattara zancen, ya auna shi da maganar annabawa, ya kawo mafita. Wasiƙar da aka aika Antakiya da sunan manzanni da dattawa ta fita, ba da sunan Yakubu shi kaɗai ba. A 1 Korintiyawa 14:40 Bulus ya umarta a yi kome cikin tsari, a 1 Bitrus 5:1-3 kuma an gargaɗi dattawa kada su nuna wa garken iko.

Aikinsa da iyakarsa

Modareta yana buɗe taro da addu'a, ya tabbata adadin da ake bukata ya cika, ya bi ajanda. Yana ba matashi da mace da baƙo damar magana kamar yadda yake ba mai kuɗi. Kafin ƙuri'a yana maimaita shawarar a fili, da Hausa da Turanci idan akwai bukata, domin kowa ya san abin da zai ɗaga wa hannu. Yana sanar da sakamako ko da bai yi masa daɗi ba, sakatare kuma ya rubuta.

Ba shi da ikon kashe kuɗin baiko ba tare da amincewar majalisa ba, ko ya rufe taro domin ya ga ƙuri'a za ta juya masa baya. Idan maganar ta shafe shi ko ɗan'uwansa, sai ya miƙa kujera ga mataimakinsa har a gama. Ikilisiya mai iyali talatin ko arba'in ba ta da ƙarfin ɗaukar rabuwa, kuma sau da yawa abin da yake raba ta shi ne jin cewa an hana wani magana. Saboda haka duk wanda za a zaɓa, a karanta masa wa'adinsa da iyakar ikonsa daga tsarin mulkin ɗarikarsa a gaban jama'a, kafin a ɗora masa hannu a yi addu'a.