Lev Yashin, Mai Tsaron Gida

A wasan ƙwallon ƙafa babu wanda ya kai mai tsaron gida shan zargi. In an yi nasara a yabi wanda ya jefa ƙwallo a raga, in kuwa an sha kashi a ce laifin gola ne. Tarihin Lev Yashin, mutumin Rasha, ya isa misali.

An haife shi a Mosko cikin 1929. Tun yana yaro, zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga aikin masana'anta. Cikin 1950 ya fara tsare wa ƙungiyar Dinamo ta Mosko gida, bai kuwa canja ƙungiya ba har ya bar wasa. A wancan zamani yawancin masu tsaron gida kan tsaya bisa layi ne su jira ƙwallo. Shi kuwa fitowa yake yi ya tare ta, yana ba 'yan baya umarni. Da shi Tarayyar Sobiyat ta ci zinariya a Olamfik ta 1956, sa'an nan ta ɗauki Kofin Turai cikin 1960.

Amma cikin 1962, da ƙasar Cile ta fitar da su daga gasar Kofin Duniya da ci 2 da 1, sai mutanen gida suka ɗora masa laifin duka, har ya yi shawarar barin wasa. Ya daure dai. Cikin 1963 aka ba shi Ballon d'Or, watau kyautar gwarzon ɗan wasan Turai, wadda har yau babu golan da ya samu sai shi. Ya rasu cikin 1990. Mahaƙurci mawadaci.