Haƙoran roba masu turke: mene ne su, kuma wa suka dace da shi?

Masu saurarenmu na Tanut da Belbeji, da 'yan uwa da ke ci-rani, kusan kowane gida a Damargu akwai tsoho ko tsohuwa da haƙora suka zube, sai fura da kunu, nama kuwa sai kallo. Wasu an yi musu haƙoran roba, amma ana cikin magana sai su goce. Dalili shi ne, in haƙori ya fita, ƙashin muƙamuƙi yakan riƙa zaizayewa, musamman na ƙasa, har haƙoran robar su rasa wurin zama.

Maganin da likitocin haƙori suka samo shi ne kafa turke. Ana dasa 'yan ƙusoshi na ƙarfen titaniyom cikin ƙashin, galibi 2 a ƙasa, 4 a sama. Sai a jira wata 3 zuwa 6 ƙashin ya kama ƙarfen. Bayan nan a ɗora haƙoran, su maƙale kamar maɓallin riga. Mutum zai tauna, ya yi dariya ba fargaba, da dare kuma ya cire ya wanke.

Wani likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano ƙashi na haɗewa da titaniyom, ya kuma yi wa mutum na farko dashen a 1965. A 2002 masana suka taru a Jami'ar McGill ta Kanada, suka ce wanda ya rasa duk haƙoran ƙasa, haƙora masu turke 2 ne ya kamata a fara ba shi zaɓinsu.

To amma ba kowa ake yi wa ba. Sai an ɗauki hoton ƙashi an ga ya isa. Ciwon suga da ba a kula da shi ba, shan taba, da ciwon dasashi, duk suna iya sa turken ya ƙi kamawa. Bayan an gama ma, sai da tsabta kullum da komawa wurin likita, don 'yar robar da ke riƙe maɓallin tana cinyewa, sai an sake ta.

Aiki ne na manyan birane, mai tsada, mai zirga-zirga. Don haka 'yan uwa masu aiko kuɗi, kafin ku ɗauko tsoho zuwa Yamai ko Kano, a fara kai shi wurin likitan haƙori a Damagaram ya duba. Wani sa'in gyara tsofaffin haƙoran robar kawai ya isa. A tambayi jimillar kuɗin tun farko, har da na komawa, kada a sayar da bisashe aiki ya tsaya a rabi. Kuma don Allah kada a miƙa baki ga mai cire haƙori na kasuwa.

Mu da namu ke nan kuwa, mu riƙe asuwaki da buroshi. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.