Capel Celyn: Tarihin Ƙauyen da Ruwa Ya Ci

Duk matafiyin da ya bar garin Bala, a arewacin ƙasar Wels, ya bi hanyar da ta hau duwatsu ta nufi yamma, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da wani tafki shimfiɗe a tsakanin tsaunuka. Tsawonsa ya kai mil biyu da rabi, ruwansa kwance luf, ga dutsen Arenig Fawr ya yi masa rumfa daga kudu. Baƙo zai ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Alhali kuwa hannun ɗan Adam ne ya yi shi. Sunan tafkin Llyn Celyn, kuma a ƙarƙashinsa akwai kufan wani ƙauye da ake kira Capel Celyn (ana furta shi kamar Kafel Kelin). A wannan maƙala muna so mu waiwayi rayuwar mutanen wannan ƙauye da yadda aka yi ruwa ya ci shi, domin a ganinmu abin da ya nutse a 1965 ya fi gidaje da gonaki.

Ƙauyen na cikin kwarin kogin Tryweryn ne, a tsohuwar gundumar Meirionnydd. Ma'anar sunansa mujami'ar itacen celyn, wani itace mai ganye da ƙaya wanda ba ya kaɗewa ko da hunturu. Ba wani babban gari ba ne. Abin da ke tsakiyarsa bai wuce mujami'a da maƙabartarta ba, sai makarantar firamare, da gidan waya, da 'yan gidaje. Sauran jama'a suna warwatse a gonaki, kowa da gidansa na dutse. Akwai kuma 'yar tasha inda jirgin ƙasa mai zuwa Blaenau Ffestiniog daga Bala yake tsayawa. Mutanen kwarin duka-duka 67 ne a lokacin da ake wannan magana.

Ƙasar tudu ce mai yawan ruwan sama da sanyi, ba ta hatsi sosai, saboda haka kiwo shi ne sana'a. Tumaki suna yawo a kan duwatsu, shanu kuma a fadamun bakin kogi, inda ake yankan ciyawa da bazara a busar a tara domin hunturu. Aikin askin tumaki da na tara ciyawa da gayya ake yin su: yau a gonar wane, gobe a ta wane. Sunayen gonakin ma kansu tarihi ne. Kalmar hafod, wadda ke cikin sunan gonar Hafod Fadog, tana nufin mazaunin da makiyayi kan koma da dabbobinsa a kan tudu lokacin zafi, kafin ya sauko hendre, wato gida na asali, idan sanyi ya shigo. Wanda ya san zirga-zirgar makiyayanmu tsakanin damina da rani ba sai an yi masa dogon bayani ba. A wannan gona ta Hafod Fadog ne mabiya ɗariƙar Kiristoci ta Kwaka suke taruwa a ƙarni na 17, lokacin da hukuma ke tsananta musu, har da yawa daga cikinsu suka yi hijira zuwa Pennsylvania a Amurka tun daga 1682. Har yau akwai wuraren da ake kira Bala da Merion a kusa da birnin Philadelphia. Ƙasa kaɗan da ƙauyen kuma akwai Frongoch, inda gwamnatin Birtaniya ta tsare mutanen Ailan kimanin 1,800 bayan boren da suka yi a 1916, cikinsu har da Michael Collins.

To amma abin da ya fi jan hankalinmu, mu ɗaliban adabi, shi ne harshe. Mutanen Capel Celyn da Welshanci suke kwana suke tashi. Da shi ake ciniki, da shi ake wa'azi, da shi ake yi wa yaro faɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan muka tuna halin da harshen yake ciki a lokacin. A ƙidayar 1901 kusan rabin mutanen Wels suna jin Welshanci. Zuwa 1961 sun koma kashi 26 cikin ɗari. Wuraren da harshen ya rage da cikakken ƙarfinsa su ne irin waɗannan ƙauyuka na kan tudu. Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne mujami'a. Tun 1588 aka fassara Baibul zuwa Welshanci, kuma makarantun ranar Lahadi, waɗanda Thomas Charles na garin Bala ya yi fice wajen yaɗa su, sun koya wa yara da manya karatu da harshensu a zamanin da makarantar gwamnati Ingilishi kawai ta sani. A mujami'ar ake haduwa, a nan ake koyon waƙa, a nan ake shirin gasar adabi da suke kira eisteddfod.

Yankin ya shahara da wani salon waƙa mai suna cerdd dant. Yadda ake yin sa shi ne, makaɗin telyn, wato wani babban abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, zai fara kaɗa wani sanannen take. Mawaƙi ba zai bi taken ba. Zai jira kaɗan, sannan ya shigo da baitocinsa a kan wata karin murya dabam, amma wajibi ne shi da makaɗi su dire tare a kan gaɓa ɗaya. Mai riƙe da gidan wayar Capel Celyn, Watkin Jones, wanda aka fi sani da Watcyn o Feirion, marubucin waƙa ne kuma gwani a wannan fanni. Abin lura a nan shi ne, irin wannan fasaha ba a littafi take zaune ba. Tana bukatar mutanen da suka san juna, masu haɗuwa mako-mako a ɗaki ɗaya. In an raba su, ko da kowa ya sami gida mai kyau a wani gari, wannan ɗakin ya rushe ke nan.

Gab da Kirsimetin 1955 mutanen ƙauyen suka ji labari, a jarida ma suka gani, cewa hukumar birnin Libaful ta Ingila ta yanke shawarar datse kogin Tryweryn. Ba wannan ne karo na farko ba. A shekarun 1880 birnin ya taɓa nutsar da ƙauyen Llanwddyn don yin tafkin Vyrnwy, haka kuma birnin Birmingham ya yi a kwarin Elan. Hujjar Libaful ita ce jama'arta na bukatar ruwan sha. Masu adawa suka ce ruwan masana'antu ake nema, da kuma wanda za a sayar wa wasu garuruwa. Ba mu musun cewa talakawan Libaful na bukatar ruwa mai tsabta, domin unguwanninsu na cikin mawuyacin hali a wancan zamani. Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar da aka bi. Hukumar birnin ba ta nemi izinin ƙananan hukumomin Wels ba. Sai ta kai shirin doka na musamman kai tsaye gaban majalisar dokoki ta Landan, wanda in ya wuce, ba wata hukuma a Wels da ke da ta cewa.

A watan Maris na 1956 aka kafa kwamitin kare ƙauyen. Wani manomi, Dafydd Roberts, shi ne shugaba, sakatariya kuma Elizabeth Watkin Jones, malamar makaranta, 'yar mai gidan wayar nan da muka ambata. Ita ce ta yi ta rubuta wasiƙu ko'ina tana neman goyon baya. A watan Nuwamba suka tura wakilai, cikinsu har da Gwynfor Evans, shugaban jam'iyyar Plaid Cymru, don su yi magana a zauren hukumar Libaful, aka hana su, aka fitar da su. Ran 21 ga wannan wata sai kusan ƙauyen gaba ɗaya, har da 'yan makaranta, suka shiga mota suka tafi Libaful suka yi jerin gwano da kwalaye a hannu. Wasu mutanen birnin suka tarye su da zagi da jifa. A wannan karon an bar Evans ya yi jawabi, amma da aka zo ƙuri'a sai hukumar ta zaɓi ci gaba da aikinta.

A 1957 majalisar Landan ta zartar da dokar, da goyon bayan Henry Brooke, wanda shi ne ministan da aka ɗora wa kula da harkokin Wels. Wels na da wakilai 36 a majalisar, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai jefa ƙuri'ar amincewa ba. Duk da haka doka ta wuce. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin. Ba a karya wata doka ba, ba a turo soja ba, an biya diyya. Komai bisa ƙa'ida aka yi shi. Sai dai ƙa'idar ce ta nuna wa mutanen Wels cewa ko da bakinsu ya zo ɗaya, ba su isa su hana a taɓa kwari guda a ƙasarsu ba.

Aka fara aiki a 1960, aka rufe layin dogo. A 1963 aka rufe makaranta, aka yi sujada ta ƙarshe a mujami'a, sannan aka bi gine-ginen ɗaya bayan ɗaya aka rushe. Eka 800 ruwa ya rufe, da gidaje da gonaki 12, mutum 48 suka rasa muhallinsu. Batun maƙabarta ya fi komai ciwo. An ba iyalai zaɓi, aka tono gawa 8 aka mayar wasu wurare, sauran aka bar su inda suke aka rufe su.

Ba kowa ne ya haƙura da rubuta wasiƙa ba. A 1962 wasu samari biyu daga kudancin Wels suka lalata wata na'urar lantarki a wurin aikin. A watan Fabrairu na 1963 wasu uku, Emyr Llywelyn Jones da Owain Williams da John Albert Jones, suka dasa nakiya a gindin taransifoma, abin da ya kai biyu daga cikinsu gidan yari. Wannan bai tsayar da aikin ba. Ran 21 ga Oktoba 1965 manyan Libaful suka zo bikin buɗe tafki, masu zanga-zanga suka cika wurin, aka yanke wayar lasifika, aka watse cikin 'yan mintoci.

An saba cewa Tryweryn ce ta farkar da Wels, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A watan Fabrairu na 1962 marubuci Saunders Lewis ya yi lacca a rediyo kan makomar harshen, wadda ta haifar da ƙungiyar kare Welshanci a wannan shekara. A 1964 aka naɗa wa Wels sakataren gwamnati nata na kanta. A 1966 Gwynfor Evans ya ci zaɓen cike gurbi a Carmarthen, ya zama ɗan majalisa na farko na jam'iyyarsa. Dokar harshe ta biyo baya a 1967, gidan talabijin na Welshanci a 1982, majalisar Wels kuma a 1999. Amma kada mu yi gaggawar ɗaura duk wannan a wuyan ƙauye guda. A zaɓen 1959, lokacin da ciwon yake ɗanye, Evans ya tsaya a Meirionnydd ɗin kanta, ya sha kaye. A ƙuri'ar raba gardama ta 1979 mutanen Wels da gagarumin rinjaye suka ƙi majalisa tasu, ta 1997 ma da ƙyar ta sha. A yankin Bala akwai waɗanda suka yi maraba da aikin saboda guraben aiki, kuma masana tarihi na baya-bayan nan, irin su Wyn Thomas, sun nuna cewa ko a cikin kwarin ba kowa ne ra'ayinsa ya zo ɗaya da na kwamiti ba. Mu dai abin da muka fahimta shi ne, ƙauyen ya fi ƙarfi bayan mutuwarsa fiye da lokacin da yake raye. Da yake neman agaji bai samu isasshe ba, da ya nutse sai ya zama tuta. Harshen da aka yi faɗan dominsa kuwa, ƙidayar 2021 ta nuna masu jin sa 538,300 ne, wato ƙasa da kashi 18 cikin ɗari.

Wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. A daidai shekarun da ruwa ke hawa kan Capel Celyn ake gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara, daga 1964 zuwa 1968, inda tsohon garin Bussa ya nutse, aka tayar da mutum fiye da 40,000. A Bakolori kuwa, a 1980, har jini ya zuba da manoma suka nemi haƙƙinsu. Idan aka auna da waɗannan, mutum 48 ba komai ba ne. Amma an rubuta waƙoƙi da wasannin kwaikwayo da littattafai a kan waɗannan 48, an san sunan kowace gona da ta nutse, da wanda ya zauna a cikinta. Sunayen ƙauyuka nawa na ƙarƙashin Kainji za mu iya kawowa da ka?

A watan Oktoba na 2005, shekara 40 bayan buɗe tafkin, hukumar birnin Libaful ta nemi gafara a hukumance. Wasu suka karɓa, wasu suka ce ihu ne bayan hari. Ruwan dai yana nan yana aikinsa. Ana sakin sa ya bi kogin Tryweryn ya faɗa kogin Dee, a ɗebe shi can ƙasa kusa da Chester. Masu wasan kwalekwale ma sun sami wurin shaƙatawa a ƙarƙashin madatsar, saboda ƙarfin ruwan da ake saki.

A farkon shekarun 1960 wani matashin marubuci, Meic Stephens, ya ɗauki fenti ya rubuta kalmomi biyu a bangon wani kangon gida kusa da Llanrhystud, nesa da kwarin, ma'anarsu a tuna da Tryweryn. Ya ma yi kuskuren nahawu, domin a Welshanci harafin farko na sunan yakan sauya a irin wannan jimla, sai daga baya wasu suka gyara ya koma Cofiwch Dryweryn. An sha ɓata rubutun ana sabunta shi. Da aka rushe wani sashe na bangon a 2019, sai matasa suka sake gina shi, kuma kalmomin suka bazu a bangaye da motoci a faɗin ƙasar.

A bakin tafkin akwai wata 'yar mujami'ar tunawa da aka gina da duwatsun gine-ginen ƙauyen, a gefenta kuma an jera duwatsun kaburburan da aka kwaso daga tsohuwar maƙabarta. A shekarun da aka yi ƙarancin ruwan sama, kamar 2018 da 2022, ruwan ya ja baya har tushen gine-gine da kututturan itatuwa suka fito fili, mutane suka riƙa sauka cikin taɓo suna neman inda gidajen iyayensu suke.